Sarkin Kibiyar Alhaji Hambali

Wata huɗu cur Turai ta yi a gidan ubanta a Gwaram, wai wankan jego. Wata huɗu! Ko giwa ce ta haihu ai ta gama wanka ta koma daji. Mijinta Badaru, malamin ba da magani a asibitin Birnin Kudu, ya ga arba'in ta zo ta wuce, wata arba'in ɗin ta bi bayanta, ta uku ma ta cika, amma shiru kake ji. Tuwon kasuwa ya ishe shi, gizo-gizo ya yi saƙa a madafa. Duk wannan da sauƙi. Abin da ke cin ransa shi ne yaron. Ɗansa na fari, wanda aka sa wa sunan kakansa ake kiransa Abba, sau uku kacal ya taɓa ganin fuskarsa, shi ma da wutsiyar ido. Wane marar kunya ne zai ɗauki ɗan fari a gidan surukai? Burinsa a duniya bai wuce ya ga matarsa ta dawo ba, ya ja ƙofar ɗakinsa ya rufe, ya ɗauki yaron nan ya shinshina ƙeyarsa ba mai kallonsa.

Duk Asabar sai ya hau babur ɗinsa, wanda ya saya da kuɗin ƙarin albashi na Udoji, ya kama hanyar Gwaram. Duk Asabar kuma sai Gwaggo Dada, yayar surukin nasa, wadda ta yi wa Turai wankan, ta tare shi da sabon uzuri daga bakin maigidan. Yau a ce yaron na mura. Gobe a ce hanya ta lalace, alhali ta hanyar nan ya zo. Ran nan har cewa aka yi ba a gama soya dubulan na gara ba.

"Ni dai ɗan nan, na gama aikina tun tuni," in ji Dada. "Ganyen darbejiyar unguwar nan kaf na tsige shi a wanka. Ƙanena ne ke cewa a ƙara. Je ka, suna garka suna jiranka da waɗannan takardun nasu."

Takardun da take nufi karta ce. Ba irin ta 'yan tasha ba, a'a, wani wasa ne na Turawa da ake kira birij, kuma ko kwabo ba a sawa. Sai da Liman da kansa ya zo ya zauna ya kalla wuni guda, kansa ya yi ciwo, ya tashi ya ce wannan ba caca ba ce, wahala ce, Allah ya ba su lada.

Asalin abin, surukin nasa Alhaji Hambali tsohon malamin dabbobi ne. Shekarun da aka yi ta yawon yi wa shanu allurar bushiya a dazukan Fagam, wani Bature likitan dabbobi ya rasa abokan wasa a sansani, sai ya kama ma'aikatansa uku ya koya musu: Hambali, da Malam Iliyasu akawu, da Maikano direba. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar musu kartar a gwangwanin taba, suka jawo Malam Salihu hedimasta ya cike gurbi. Shekara goma sha biyu ana bugawa duk Asabar, daga la'asar zuwa magariba, a gindin mangwaron garkar Alhaji. Alhaji da Iliyasu gefe guda, Maikano da hedimasta gefe guda. Bara da farkon damina Allah ya yi wa Iliyasu rasuwa, aka rufe gwangwani, don mutum uku ba sa birij.

Ana nan sai ga labari ya iso Gwaram cewa mijin autar Alhaji ya koyi wasan a wajen likitocin Indiya da Masar da ke asibiti, har ma tsoronsa suke ji. Ranar da Badaru ya zo ganin mai jego karo na biyu, sai aka ce masa ana kiransa a garka.

Wasan ba wuyar bayani. Mutum huɗu, biyu-biyu, abokinka yana fuskantarka. A raba karta goma sha uku-uku. Gidajen karta huɗu ne, a garkar nan kuwa sunayen da marigayi Iliyasu ya raɗa musu ake kira: zuciya, daimon, ganye, da kibiya. A kowane gida As ce babba, mai ɗigo ɗaya, sai sarki, sai sarauniya, sai dogari, sannan talakawa daga goma zuwa biyu. Da farko a yi ciniki, kowa ya ambaci gidan da yake da ƙarfi, har wani ya ɗau alkawarin zai ci zagaye kaza. Sauran biyun aikinsu su hana shi cikawa. Wanda ke zaune a hagun mai alkawari shi ke fara jefa karta tun ba a ga komai ba, kuma sau da yawa a wannan jifar ta fari ake ci ko a sha ƙasa. A nan Badaru ya yi suna. Wani likita Bamisire ya taɓa rantsuwa cewa yaron nan leƙen hannun mutane yake yi.

To amma wancan Badarun Birnin Kudu ne. Na Gwaram kuwa, tun daga bakin shinge yake tuɓe takalmi. Ranar farko ƙin hawa kujera ya yi, ya durƙusa a ƙasa ya riƙe kartarsa, kowa daga sama yana karanta masa ita kamar allo. Dole aka kwashe kujeru da teburi aka shimfiɗa tabarma. Ba ya ɗaga ido ya dubi Alhaji. Shi ma Alhaji ba ya yi masa magana kai tsaye, sai dai ya dubi mangwaro ya ce, "A gaya wa mutumin Birnin Kudu shi ne da rabo." Hedimasta ya juyo ya maimaita, kamar akwai kogi tsakaninsu.

Masifar tana nan wajen jifar fari. Ko ɗan koyo ya san in abokinka ya ambaci gida a ciniki, wannan gidan za ka fito masa da shi. Ka jefa ƙarama, shi kuma dole ya sa mafi girman abin da ke hannunsa, ko da mai alkawari, wanda shi ke jefawa a ƙarshe, zai danne shi da As. Sarki ya mutu, amma As ta fita, hanya ta buɗe wa sauran. Badaru ya san wannan kamar yadda ya san sunansa. Sai dai duk sanda Alhaji ya yi gyaran murya ya ce "kibiya", Badaru ya kai yatsa kan 'yar ƙaramar kibiyarsa, sai ya tsaya cak. Shi Badaru, ɗan talakawa, da hannunsa zai tura sarkin surukinsa mahauta? A gaban mutane? Mutumin da ya ba shi 'ya? Wallahi yatsan ba ya yarda. Sai ya zaro As ɗinsa ta wani gidan daban ya shimfiɗa da hannu biyu, kamar mai miƙa wa baƙo cinyar kaza. As guda, babbar karta, ta tafi ta ciwo biyu da uku da huɗu. Sarkin Alhaji ya tsira da ransa, ya zauna a hannu har ƙarshen wasa, a jefar da shi a banza bayan Maikano ya gama kwashe abin da zai kwasa.

Maikano kuwa taubashin Alhaji ne, ɗan gwaggonsa, ba shi da birki a baki kamar yadda aka ce ba shi da shi a mota.

"Kai Hambali, Allah ya yi maka suruki!" haka yake cewa yana tattara karta yana ƙyaƙyata dariya. "Irin wannan biyayya ko a gidan sarki! Malam Badaru, don Allah kada ka canza hali. In ina da sauran 'ya da na ba ka."

Alhaji sai dai ya ja gemu, ya dubi mangwaro ya ce, "Allah ya ji ƙan Iliyasu." Kowa ya ce amin, har da Badaru.

Asabar goma sha huɗu, ba su ci ko sau ɗaya ba. Badaru a kan babur yana komawa gida yana lissafi: an hana shi matarsa, ke nan Baba na fushi da shi. Me ke sa babba fushi? Ƙarancin ladabi. Saboda haka kowace Asabar sai ya ƙara ladabi. Ya koma tuɓe takalmi tun daga bakin masallacin unguwa. Ya daina ambatar gidansa a ciniki in Baba ya riga ya yi magana, don kada ya zama ya katse babba. Ran nan har ya ƙi cin wani zagaye da ke hannunsa, don kartar Baba ce a ƙasa, bai ga yadda zai hau kanta ba. Ranar sai da Alhaji ya tashi ya zaga bayan rijiya ya daɗe.

A Asabar ta goma sha biyar, da ya shiga ɗakin Dada gaida mai jego, sai tsohuwar ta saɓa yaron a baya ta fice, ta bar su su biyu. Badaru ya bi ɗan ƙafar da ke leƙowa daga zani da kallo har suka ɓace. Turai ta gyara zama. Ta yi ƙiba ta yi haske, kuma daga ganin yadda ta ɗaure ɗankwali ya san yau akwai magana.

"Malam, in tambaye ka. Kai kana son in koma ɗakina kuwa?"

"Haba Turai! Wace irin magana ce wannan? Dubi wuyana fa."

"To me ya hana ka fito da kibiya?"

Badaru ya saki baki. "Ke ina kika san kibiya?"

"Ina na sani? Ni da nake biyan bashin laifinka daga Lahadi zuwa Juma'a?" Ta tafa hannu. "Kullum da hantsi Baba sai ya kira ni zaure, ya fito da gwangwanin nan, ya jera kartar yadda kuka buga ta, ɗaya bayan ɗaya, ba ya mance ko guda. Ya miƙo min hannunka ya ce, 'Auta, na ce kibiya. Me za ki fitar?' In ce kibiya. Ya ce, 'To! Ke da ko aji ɗaya ba ki yi ba!' Sai ya sake rabawa. Yaro na kuka, nono na zuba, ni ina riƙe da dogari. Gwaggo Dada ma da ba ta gani sosai ta san kibiya ake fitarwa. Akuyar gidan nan in ka tambaye ta za ta gaya maka."

"Turai, ba ki gane ba. In na fito da ita, sarkinsa za a kashe. A gaban Maikano."

"A kashe mana! Takarda ce fa, Malam, ba Baba ba ne. Shi da kansa yake cewa Malam Iliyasu ya kashe masa sarki ya fi sau ɗari, kuma bai taɓa abokin da ya kai shi ba." Ta sassauta murya. "Ni dai na gaji. Ina son ɗakina. Yaron nan ya fara dariya, kai ko sau ɗaya ba ka ji ba."

Wannan ta shige shi. Ya tashi ya fita ba tare da ya taɓa kunun da aka kawo masa ba. Har ya kai bakin shingen garka bai tuna da takalmi ba, sai da ya ga hedimasta na kallon ƙafarsa sannan ya koma da baya ya tuɓe.

Rabo biyu na farko ba abin da ya faru, don ba shi ne da jifa ba. A na uku hedimasta ya buɗe ciniki da daimon. Alhaji ya yi gyaran murya, ya dubi mangwaro, ya ce, "Kibiya." Yadda ya faɗe ta kamar mai roƙon ruwa. Maikano, wanda ke zaune a daman Badaru, ya yi murmushi ya ɗau alkawarin zagaye tara cikin sha uku. Bai ko damu da kibiyar ba, don wata huɗu ke nan ba a taɓa fito masa da ita ba. Su Alhaji biyar suke nema su karya shi.

Badaru ya dubi hannunsa. Kibiya uku gare shi: sarauniya, bakwai, da uku. Can gefe kuma ga As ɗin zuciya tana kallonsa, tana jiran a miƙa ta kamar kullum. Maikano har ya fara miƙo hannu.

"Malam Badaru, kawo cinyar kazar nan, kada ta huce."

Yatsan Badaru ya tafi kan As ɗin da kansa, don ya saba hanya. Daidai nan, daga cikin gida, ta bayan katanga, sai ya ji wata 'yar ƙara siririya, kamar an taɓa ɗan tsako. Dada ce ke yi wa yaro wasa, yaron kuwa ya ƙyalƙyale. Badaru ya runtse ido, ya yi bisimilla a zuci, ya ce Allah ka yafe mini, ya zaro ukun kibiya ya ajiye a tabarma.

Hedimasta, wanda a matsayinsa na abokin mai alkawari zai shimfiɗa kartarsa a fili, ya shimfiɗa yana kallon Badaru ta saman tabarau. Aka sa ƙaramar kibiya daga nan. Alhaji Hambali ya dubi ukun nan ya daɗe, kamar wanda ya ga ɗan'uwan da ya ɓace a Makka. Sannan ya zaro sarkinsa ya ɗora a hankali.

Fau! Maikano ya maka As a kai har ƙura ta tashi daga tabarma.

"Inna lillahi! Jama'a ku zo ku gani! Suruki ya yanka surukinsa! Hambali, ka ba shi 'ya, ka ba shi jika, ya kai ka kwata! Malam Salihu, rubuta ranar, yau kunya ta ƙare a ƙasar Gwaram!"

Badaru ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya sunkuyar da kai har hularsa ta faɗo kan karta, ya ce da muryar da shi kansa bai gane ba, "A ba Baba haƙuri."

Alhaji ya dubi mangwaro. "A gaya wa mutumin Birnin Kudu ya ɗauke hularsa, ta rufe mini wasa."

Maikano ya ci gaba yana waƙe-waƙe, amma waƙar ta fara sanyi, don kafin ya kai tara dole ya bi ta daimon, As ɗin daimon kuwa tana hannun Alhaji. Alhaji ya cafke. Bai yi wata-wata ba ya sako goman kibiya. Maikano ya dube ta, ya dubi dogarinsa, ya ja tsaki ya rufa mata shi. Badaru ya ɗora sarauniya ta haɗiye dogarin. Ya mayar da bakwai. Yanzu kam ba sauran babba a gidan kibiya sai abin da ke hannun Alhaji. Tsohon ya ci da tara. Ya ajiye shida, ba mai ita. Ya ajiye biyu, 'yar mitsitsiyar biyu, wadda ba ta taɓa cin komai ba a rayuwarta, ita ma ta ci. Biyar ke nan. Kafin Maikano ya farfaɗo, Alhaji ya turo zuciya, As ɗin Badaru ta yi aikin da aka halicce ta dominsa. Shida.

Alhaji Hambali, mai shekara saba'in ba biyu, mai ciwon gwiwa, ya miƙe tsaye ba sanda. Ya zagaya tabarma sau ɗaya, ya tsaya a kan Maikano.

"Direba! Ina bakin? Ɗazu na ji kamar ana shela. Malam Salihu, an ce ka rubuta rana, to rubuta, ga alƙalami!"

"Sa'a ce," in ji Maikano yana harhaɗa karta. "Yaron ne ya yi kuskure."

"To Allah ya ƙara masa irin kuskuren!"

Kafin magariba sun karya su sau uku. Sau biyu sarkin Alhaji na mutuwa, kowace mutuwa sai Badaru ya ce a ba Baba haƙuri, Alhaji kuwa sai ya ce a gaya masa ya ƙara.

Da aka rufe gwangwani, Badaru ya ga ba ranar da ta fi yau. Ya matsa kusa da hedimasta ya yi masa raɗa. Hedimasta ya gyara tabarau ya ce, "Alhaji, Malam Badaru na neman alfarma. Ya ce ko za a duba maganar komawar iyalinsa."

Badaru na durƙushe yana jiran ya ji an ce gobe. Ya saci kallo. Fara'ar nan duk ta zube daga fuskar tsohon, ya koma ya zauna yana juya gwangwani a hannu.

"Ai... ai damina ta kusa," in ji Alhaji. "Hanya za ta yi santsi. A bari a ga bayan ruwa."

Bayan ruwa! Wata biyar nan gaba! Badaru ya shiga lissafi. An sha ƙasa an hana shi, an ci an hana shi, to me ake so ya yi, ya haɗiye kartar? Saura kaɗan ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya ɗaga ido. Maikano ne ya riga shi, kuma wannan karon ba dariya a bakinsa.

"Hambali, ka ji tsoron Allah. Wace damina? Ko hadari ba a fara ba. Faɗi gaskiya mana, mu nan duk mun sani, shi kaɗai ne bai sani ba."

Da Alhaji zai yi magana, mangwaron ya duba, kamar yadda ya saba, amma muryar ta yi ƙasa.

"Da Iliyasu ya tafi, Asabar talatin da ɗaya na yi ina zuwa nan in zauna ni kaɗai. In buɗe gwangwani in rufe. Yaron nan ba don ni yake cin mil talatin a kan babur ba, na sani. In na ba shi matarsa, me zai zo yi Gwaram?"

Ashe ba fushi ba ne. Duk ladabin da Badaru ya yi ta tarawa wata huɗu, duk As ɗin da ya zubar, ba su da alaƙa da komai. Da ya buga da kyau da ya buga da muni, tsohon ba zai saki Turai ba, don tsoro yake ji. Tausayi ya kama Badaru. Bai juya wajen hedimasta ba. Ya ɗaga kai ya dubi mangwaron shi ma, karo na farko, ya ce:

"A gaya wa Baba, in dai ina numfashi kuma babur na tashi, Asabar ba za ta same ni a Birnin Kudu ba."

Alhaji ya share fuska da hannun riga, wai ƙwaro ne ya faɗa masa ido. "A gaya masa na ji. Amma mutanen yanzu, baki ne da su."

Ya tashi ya shige gida da gwangwaninsa, bai ce e ba bai ce a'a ba. Badaru ya koma Birnin Kudu bai san matsayinsa ba.

Ran Laraba da azahar yana tsaka da ƙirga ƙwayoyi a tagar magani aka ce masa wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidansa. Ya bar wa abokin aikinsa taga ya ruga. Maikano ne a sitiyari, Dada a gaba tana salati tana cewa ba za ta ƙara shiga motar wannan mahaukacin ba, Turai da yaro a tsakiya, a baya kuwa buhunan gero da tulunan man shanu da dubulan ɗin da aka yi wata huɗu ana soyawa. Aka sauke kaya, maƙwabta suka cika gida, aka yi ta barka da dawowa har la'asar. Badaru na tsakar gida yana kai da kawo, ya ɗauki wannan ya ajiye wancan, yana yi kamar bai san da wani yaro ba.

Sai da kowa ya watse, Dada ta shiga maƙwabta salla, sannan ya shiga ɗaki ya ja ƙofa ya sa sakata. Turai ta miƙo masa yaron. Ya karɓa da hannu biyu. Nauyinsa ya ba shi mamaki. Ya sa hanci a ƙeyar nan, ƙanshin man shanu da hayaƙi da nono, ya daɗe a haka. Yaron ya kama masa kunne ya ja, ya ƙyalƙyale da irin dariyar nan ta bayan katanga.

Da ya gyara masa riga sai ya ji wani abu mai tauri a ƙirjin yaron. Ya zata laya ce. Ya zaro. Karta ce, tsohuwa, gefenta duk ya cinye, tana warin taba. Sarkin kibiya.

"Baba ne ya sa da hannunsa," in ji Turai tana kwance ƙullin kaya. "Ya ce ita ke nan kartar da suke da ita a Gwaram, kuma ba ta buguwa sai da shi. Ya ce a gaya maka ran Asabar ka kai shi da wuri, Maikano na jira ya kashe shi."